Ruwa ɗaya, sana'a huɗu: abin da fadamar Haɗeja da Nguru ke nema

In ka bar garin Haɗeja ka nausa gabas, ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, ba dutse ba kwazazzabo, sai dogayen jigayin yashi da iska ta tara tun zamanin da. A nan ne kogin Haɗeja da ya taso daga ƙasar Kano, da kogin Jama'are da ya gangaro daga tsaunukan Jos, suke rasa hanya guda da za su bi. Sai su rarrabu, su kutsa tsakanin jigayi, su malale kan fili, kafin abin da ya rage ya sake haɗuwa wajen Gashuwa ya zama kogin Yobe, ya nufi Tafkin Chadi. Wannan malalen shi ne fadamar Haɗeja da Nguru, dukiyar Hausawa da Badawa da Mangawa da Fulani na jihohin Jigawa da Yobe.

Damina a wannan yanki gajeruwa ce, wata uku ko huɗu, kuma ba ta da alkawari. Da ruwan sama kaɗai mutane suka dogara, da gero da wake ne iyakar abin da za su samu, sai kuma cin rani. Abin da ya bambanta ƙasar da maƙwabtanta shi ne ruwan da ke zuwa daga nesa a watannin Agusta da Satumba, ruwan da ya sauka a wasu garuruwan ya biyo kogi. Duk mai son ya rage talaucin karkara a nan, ta hanyar ƙara abin da gona da kogi da daji ke bayarwa, dole ya fara da fahimtar wannan ruwa: yaushe yake zuwa, yaushe yake janyewa, kuma hannun wa ke kan ƙofarsa.

Shekarar magidanci

A dubi yadda shekara take tafiya a gida ɗaya, a ƙauyukan Guri ko Kirikasamma ko ƙasar Bade. Da faɗuwar ruwan shuka, maigida da samarinsa sun yi gero a tudu. Kafin kogi ya kawo, sun watsa shinkafa a fadama, don ta tsiro ta yi ƙarfi, ta riƙa tashi tare da ruwa. In ruwan ya zo da wuri ya shanye ta tana ƙarama, an yi asara. In ya makara, ta ƙone. Manomin fadama ya san wannan lissafi kamar yunwar cikinsa.

Ruwan da ke raya shinkafa shi ne kuma ke kawo kifi. Tarwaɗa da karfasa da ƙurungu da kawara suna barin kogi su shiga cikin ciyawar da ruwa ya rufe, su yi ƙwai, 'ya'yan su girma a inda abinci ya yawaita kuma manyan kifaye ba sa iya binsu. Da kaka ta yi, ruwa ya fara ja da baya, sai kifin ya nemi komawa, wani ya maƙale a tafkuna da gulabe. Mutumin da ya yi wata uku yana duƙe da fartanya, yanzu shi ne a kan gora ko cikin kwalekwale, da koma ko birgi. A bayan ruwan kuma, a laimar da ya bari, ana bi ana shuka wake ba tare da an ɗebo ko guga ɗaya ba.

Sai Fulani su iso da shanu, su ci ɗanyar ciyawar da ba a samu a ko'ina da rani, su bar taki, su sayar da nono. Matan gida kuwa suna da tasu hanyar. Kaba daga goruba ta zama tabarma da igiya da faifai. 'Ya'yan bagaruwa su tafi wajen majema. Bado, wanda baƙo zai gani ya ɗauka furen ado ne a kan ruwa, abinci ne da ya sha fitar da gidaje daga shekarar yunwa. Da sanyi ya shigo kuma a tada injin ban-ruwa, inda a da ake jan jigo: albasa, tattasai, attaruhu, tumatir, alkama. Ko rijiyar da ake sa wa injin, ruwan da ya malala ne ya nitse ƙasa ya cika ta.

Noma, su, kiwo, daji. Ba mutum huɗu ba ne masu sana'a huɗu, sau da yawa gida ɗaya ne. Abin da ke tsare talaka ke nan. In tsuntsun jan-baki ya cinye gero, akwai kifi. In kifi ya yi ƙaranci, akwai albasa. In duk sun ƙi, uwargida ta kai tabarmi kasuwa a sayo hatsi. Wanda ya toshe ɗaya daga cikin waɗannan hanyoyi don ya faɗaɗa wata, ko da ya ƙara yawan buhunan da ake ƙirgawa, ya bar gidan a tsaye da ƙafa ɗaya.

Lissafin da ba a yi ba

Bayan farin farkon shekarun 1970, hankalin gwamnatoci ya koma kan manyan madatsun ruwa, kuma ba wanda zai ga laifinsu. An kammala dam ɗin Tiga a kan kogin Kano a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are a 1976. Dam ɗin Calawa da ke Ƙaraye ya biyo baya a 1992. Su biyun suna riƙe da kusan kashi 80 cikin 100 na ruwan da ke shiga kogin Haɗeja. Daga Tiga ne ake shayar da gonakin Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, aikin da aka tsara wa hekta 22,000 a zangon farko. Daga kogunan nan ne birnin Kano ke shan ruwa. Can ƙasa kuma, wajen Auyo, aka datse kogin don aikin noman rani na kwarin Haɗeja.

Duk wanda ya ga Kura da rani, shinkafa kore shar da motocin tumatir a bakin titi, ya san aikin nan ya canza rayuwar dubban mutane. Manomin Kura ba abokin gaba ba ne, shi ma talaka ne mai neman na kansa. Matsalar tana wajen lissafi. Da aka zauna tsara madatsun, ruwan da ke wucewa ya malale a ƙasar Haɗeja da Nguru an ɗauke shi a matsayin ruwan da ya tafi a banza. Kifin da aka ci a gida ba ya shiga littafin kowa. Itacen girki da kaba da ciyawar shanu ba su da rasit.

A ƙarshen shekarun 1960 ruwa kan rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000 a shekara mai kyau. Zuwa farkon shekarun 1990 ya koma ƙasa da 1,000. Fari yana da nasa kason a ciki, madatsu ma suna da nasu.

A daidai wannan lokaci ne wasu masana uku, Edward Barbier da William Adams da Kevin Kimmage, suka yi abin da ya kamata a ce an yi tun farko. Suka ƙiyasta darajar amfanin gona da kifi da itacen da fadamar ke bayarwa, suka raba da yawan ruwan da take sha, suka kwatanta da abin da aikin noman rani na kogin Kano ke samarwa da ruwa daidai wannan. Fadamar ta yi wa aikin gwamnati fintinkau, ninki ba ninki, alhali ba su ma sa kiwo da ruwan rijiyoyi a cikin lissafin ba. A 1998 Barbier da Julian Thompson suka sake nazari, suka nuna cewa in aka aiwatar da manyan ayyukan ban-ruwan da aka tsara a saman kogi, ribar da za a samu ba za ta biya ko kashi ɗaya cikin biyar na asarar da za a jawo wa fadamar ba. Shawararsu ba ta rushe dam ba ce. Cewa suka yi a riƙa sakin ruwa da gangan a tsakiyar damina, gwargwadon da zai maye gurbin malalen da aka saba.

Abin takaici ne a ce binciken farkon ya fi shekara talatin, ana karanta shi a jami'o'in duniya a matsayin misali, amma har yanzu in an tashi maganar bunƙasa noma a yankin, hekta nawa aka share da buhu nawa aka raba ake fara faɗa.

Kacalla

Ba raguwar ruwa ce kaɗai ta addabi fadamar ba, har da zuwansa a lokacin da ba nasa ba. A da kogin Haɗeja yakan ƙafe da rani. Gindinsa ya bushe, rana ta ƙone abin da ya tsiro, sannan ruwan damina ya zo da ƙarfi ya wanke yashi da laka. Da aka fara sakin ruwa daga madatsu duk shekara, don gonakin rani da famfunan birni, sai ragowar ta riƙa gangarowa a hankali, ba ƙarfi, ba yankewa. Irin wannan ruwa mara zurfi mara gudu shi kacalla take so.

Ciyawa ce doguwa, ta fi mutum tsayi, saiwarta na tafiya a ƙarƙashin laka tana fitar da sabbin tsirrai, kanta kuma na sakin iri mai laushi da iska ke kwasa. Inda ta kafu, ruwa ya rage gudu, laka ta kwanta, ita kuma ta ƙara samun wurin zama. A haka ta cike hanyoyin ruwa ɗaya bayan ɗaya. Wajen ƙauyen Likori, inda kogin ke rabuwa, reshen Burum Gana da tsohuwar hanyar kogin Haɗeja suka toshe, ruwan ya karkata zuwa mashigar Marma ya nufi tafkin Nguru. Sakamakon ya zo iri biyu, kuma duka marasa daɗi: mutanen Marma da Nguru gonakinsu sun nitse shekara da shekaru, mutanen ɗaya ɓangaren kuma suna kallon fadamarsu ta bushe. Wani na kukan ruwa ya yi yawa, ɗan'uwansa a 'yan kilomitoci kaɗan na kukan babu.

Masunci ba ya iya jefa birgi cikin kacalla, kwalekwale ba ya ratsa ta. Sauro ya samu gida, haka dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya. Uwa uba jan-baki, wanda ke kwana a cikinta dubbai, da asuba ya tashi ya sauka a kan shinkafa da gero da alkama. Yaran da ya kamata a ce suna makaranta suna gona tun safe da gwangwani da majajjawa suna kora. Gwamnati kan turo jirgi ya yi feshi, tsuntsun ya ragu, baɗi ya dawo, tunda makwancinsa na nan.

Mutanen ƙauyukan ba su zauna sun naɗe hannu ba. Aikin gayya suke yi, gari da gari. Maza su shiga ruwa har ƙirji da lauje da adda, a jere, suna yanka. Wanda ya san aikin ba ya yanke ta a sama, sai ya duƙa ya sare ta a ƙarƙashin ruwa, don in kututturen ya nitse ba ya samun iska, sai ya ruɓe. In aka sare ta a sama, kafin wata ya zagayo ta tofo. Wasu na yanka, wasu na jan abin da aka yanka zuwa gaɓa, ga matsattsaku, ga kaifin ganye yana tsaga hannu. Wuni guda ana wannan fama, abin da aka buɗe bai fi hanyar da kwalekwale zai wuce ba. Amma ranar da ruwa ya bi ta hanyar ya isa gonakin da suka shekara goma ba su gan shi ba, shinkafa takan dawo a daminar.

A nan ne nake ganin an fi samun riba da kuɗi kaɗan. Manomin da gonarsa ke ƙarƙashin kacalla, ko ka ba shi iri mafi kyau a duniya da taki kyauta, ba inda zai zuba. Buɗe hanyar ruwa ɗaya na iya dawo da gona da wurin su da makiyaya a lokaci guda. Sai dai aiki ne na kullum, ba na shekarar da aka yi ambaliya kaɗai ba. Injinan yashe kogi suna da amfani a manyan hanyoyi, amma muddin ana sakin ruwa yadda gindin kogi ba zai taɓa bushewa ba, abin da aka share zai sake cikewa. Akwai masu ƙoƙarin mai da ciyawar abin amfani, a Senegal ana yin gawayi da ita, a Jami'ar Tarayya ta Gashuwa an yi gwajin sarrafa ta ta zama abincin dabbobi da iskar gas ta girki. Wannan yana da kyau in zai sa mai yanka ya samu ladan wahalarsa.

Su kansu masunta akwai gyara a wajensu. Yawan kifin shekara yana bin faɗin wurin da ruwa ya rufe, amma yana bin abin da aka bari ya girma. Dumba, wato shingen da ake gittawa a hanyar ruwa a jera gura, tarkon kifi, a jikinsa, tana kama komai, babba da ƙarami, kuma mai ƙarfi ne ke iya kafa ta, na ƙasa da shi ya tashi a tutar babu. Raga mai ƙananan ido, har da gidan sauro, tana kwashe 'ya'yan da za su zama kifin baɗi. A al'ada Sarkin Ruwa da bulama ne ke hana shiga wasu tafkuna sai ranar da aka buɗe su, kuma bikin kamun kifi na Bade da ake yi a Gogaram a kan wannan tsari ya ginu. Inda aka bar wa waɗannan shugabanni ikonsu, hukuma ta tsaya musu, doka takan yi aiki fiye da inda ma'aikaci ke zuwa karɓar kuɗin lasisi ya tafi. Bayan kamu kuma akwai asarar da ba a magana a kanta: banda da aka yi a gaggauce, ta ƙone ko ta yi tsutsa kafin ta kai kasuwa, ta sa mai ita ya sayar a wulaƙance. Murhun banda mai kyau yana rage itace, yana kuma ƙara kuɗin kwalin kifi.

Dajin ma ruwan ne ransa. Giyayya da bagaruwa na bakin fadama suna son ƙafarsu ta jiƙa wata biyu ta bushe. In ruwa ya daina zuwa su mutu a tsaye, in ya zauna dindindin su ruɓe. Abin da ya tsira kuma ga gatari, don motocin itace da gawayi ba sa fashin zuwa birane. Da gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, masu hali sun ruga fadamar da injina, aka share dazuzzuka da wuraren kiwo. Da aka ɗage hanin bayan 'yan shekaru, da yawa suka watse suka bar fili tsirara. Yanzu da alkama ta sake zama abin yayi a Jigawa, ya kamata a tuna da wancan zagaye. Dajin Baturiya da na Dagona suna ƙarƙashin kariyar hukuma, tafkin Nguru da mashigar Marma kuma tun 2000 suke cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar, amma itacen da ke gonar mutum shi ya fi saurin dawowa. Maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram sun nuna haka tun daga shekarun 1980: da manomi ya tabbata itacen da ya raina nasa ne, ba na ma'aikacin gandun daji ba, sai ya daina tumɓuke tohon kututture, ya riƙa sassabe shi yana barin reshe biyu ko uku. Gawo ya dawo a miliyoyin hekta ba tare da an dasa ba.

Hannun da ke kan ƙofa

Ba a rasa yarjejeniya ba. A 2006 gwamnonin Bauchi da Borno da Jigawa da Kano da Filato da Yobe sun haɗu a Damaturu, zamanin Shugaba Obasanjo, suka amince da tsarin kula da kogunan tare, aka kafa asusu na musamman. A 2014 Bankin Duniya ya amince da shirin TRIMING na kusan dala miliyan 500, wanda ya gyara magudanan aikin kogin Kano da na kwarin Haɗeja. Kafin su akwai shirin Fadama da aka fara a farkon shekarun 1990, wanda ya yaɗa ƙananan rijiyoyi da injina, kuma a ganina ya fi manyan ayyuka da yawa isa hannun talaka. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuwa, kuɗin fetur ya sa wasu sun rage faɗin abin da suke shayarwa, shi ya sa injin mai aiki da hasken rana ya zama abin da ya cancanci a ba da bashinsa da sauƙi.

Abin da ya rage shi ne wanda ba ya buƙatar kwangila. A samu jadawalin sakin ruwa da kowa ya sani, wanda aka tsara da manomin Kura da masuncin Nguru da makiyayi da mai albasa a Gashuwa duk suna zaune. A saki isasshe a watan da shinkafa da kifi ke bukata, a rage a wani yanki na rani don hanyoyin su sha iska. A riƙa sanar da mutane a rediyo kafin a buɗe ƙofa, domin ambaliyar 2022 ta nuna wa mutanen Jigawa abin da ruwa ke yi in ya tarar da hanyoyinsa a toshe. Gyaran magudanai a sama ma yana da amfani ga na ƙasa, in har ruwan da aka yi tsiminsa an bar shi ya gangaro, ba a ƙara faɗin gonaki da shi ba.

Sai maganar Kafin Zaki. Tun zamanin Shagari ake batun gina wannan dam a jihar Bauchi, a kan ruwan da ke zama kogin Jama'are, an fara an tsaya fiye da sau ɗaya, kuma duk bayan 'yan shekaru sai an tada zancen. Mutanen Bauchi suna da hujjarsu, su ma suna son noman rani. Amma Jama'are ne kogin da ya rage ba a datse ba, kuma yanzu mafi yawan ruwan da ke isa Gashuwa nasa ne. Daga Gashuwa shi ke wucewa Gaidam da Damasak, shi ke shayar da tattasan Difa a Jamhuriyar Nijar. Kafin a sake kai tirela ɗaya ta siminti wurin, sai a fara aunawa a faɗa wa waɗannan garuruwa a fili, da harshen da suke ji, ruwa nawa zai riƙa iso musu a watan Satumba, sannan a ƙirga kifinsu da kabarsu da ciyawar shanunsu a cikin kuɗin aikin.